Yadda malamar KG za ta kai wa iyaye maganar halin yaro ba tare da ta jawo masa bulala ba

Shekarata ta farko a ajin KG, wato ajin ƙananan yara kafin firamare, a wata makaranta da ke tsakanin unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, ƙasar Ghana, wani yaro ɗan shekara 4 ya buɗe jakar abokinsa ya cinye masa biskit. Da aka tashi na tare uwarsa a bakin ƙofa, ga mata a tsaye, ga masu pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, suna ta danna hon, na ce mata, "Mma, ɗanki fa ya fara sata." Ba ta tanka ba, ta fizgi hannunsa suka wuce. Washegari ya zo da shatin bulala a cinya, kuma ya fi wata guda bai yarda mun haɗa ido ba. Sai daga baya na gano uwar tana fita kasuwar Kejetia tun asuba, yayarsa 'yar firamare ce ke riƙe kuɗin kokonsa, ita ma yarinya, wata rana ta saya masa, wata rana ta kashe. Yunwa ce ta buɗe jakar nan, ni kuma na sa mata suna sata.

A zango, wato unguwanninmu na masu jin Hausa, duk maganar da malama ta faɗa kan yaro tana da ƙarshe a gida, kuma sau da yawa ƙarshen duka ne. Shi ya sa na tsara abin da nake bi yanzu, mataki bayan mataki. Da "ke" zan yi magana don mata muka fi yawa a wannan aikin, amma malamai maza ma nasu ne.

Ki fara da ido da biro

Ki ware ƙaramin littafi. Duk lokacin da yaron ya nuna halin da ke damunki ki rubuta rana, ƙarfe nawa, me ake yi kafin ya faru, me yaron ya yi, me ya biyo baya. Layi biyu ya isa: "Talata, 10:20, ana layin wanke hannu, aka ture shi, ya ciji na gabansa a kafaɗa, ya fashe da kuka." Ki yi haka mako ɗaya ko biyu, sai dai in abin na haɗari ne da ba ya jira.

Littafin nan yakan ba da mamaki. Za ki ga mai dukan yara ba ya duka sai dab da cin abinci. Za ki ga mai kuka ranar Litinin kawai take yi, bayan an kwana ana kiɗan biki a layinsu. Za ki ga wanda kike cewa ba ya zama wuri ɗaya yana iya shafe minti 20 yana gina gida da murafun kwalba, zaman kwafe allo ne ya gagare shi. In haka ne, gyaran na ajinki ne, babu dalilin kiran kowa. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2019 ta ɗora karatun KG a kan wasa, kuma ɗan shekara 4 da aka dasa a benci na tsawon lokaci dole ya nemi abin yi.

Ki auna abin da shekarunsa kuma. Cizo abu ne da aka saba gani tsakanin shekara 1 zuwa 3, lokacin da haushi ya fi bakin yaro yawa. Birgima da ihu haka. Fitsarin kwance kafin shekara 5 ba ciwo ba ne. Ɗan shekara 4 da ya ce miki babansa na da jirgin sama ba maƙaryaci ba ne, bai gama raba mafarki da gaske ba.

Sai maganar harshe, wadda mu a Kumasi muke yawan mantawa. Yaron zango ya tashi da Hausa, wataƙila da Dagbani ko Mosanci ko Zabarmanci a bakin kakarsa. Ya zo makaranta ya tarar da Turanci da Twi, harshen mutanen Asante. Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu, Asante Twi ce ke ciki. Ranar Asabar da Lahadi kuma ga Larabci a makarantar malam. Kafin ki rubuta cewa yaro ba ya bin umarni, ki durƙusa ki faɗa masa abin da Hausa. Na sha ganin "mai taurin kai" ya miƙe nan take ya yi abin da aka ce.

Ki gano wa ke riƙe da yaron

Sunan da ke takardar shiga makaranta na uba ne, amma uban yana iya kasancewa direban babbar mota da ke hanyar Bawku ko Wagadugu rabin wata. Mai kawo yaron yayarsa ce, mai ba shi abinci kaka ce, mai hukunci kawu ne. Wani yaron ma ɗan riƙo ne, uwarsa na arewa. Ki tambaya a hankali: wa ke masa wanka da safe, a ɗakin wa yake kwana? Wannan ce za ki fara zama da ita. In gidan yawa ne kuma maganar babba ce, kada ki tsallake mai gidan, don shawarar da aka yanke ba da saninsa ba takan mutu a zaure.

In yaron ɗan fari ne, uwar tana iya ƙin kama sunansa, ta kawar da kai, ta ce "ku yi masa duk abin da kuka ga dama." Alkunya ce. Sabuwar malama takan ɗauka rashin kula ne ta yi fushi. Ki nemi kaka ko goggo ta zauna tare da ku, za ki ga magana ta buɗe.

Sabo tun kafin buƙata

Uwar da ba ta taɓa jin muryarki ba sai ranar ƙorafi, da garkuwarta za ta zo. Tun makon farko na zangon karatu ki riƙa tsayawa bakin ƙofa kina gaisuwa, kina jefa ƙaramin labari mai daɗi: yau ta taya ni raba littattafai, yau ya rarrashi wani da ya faɗi. Ki haɗa da "tubarkalla, masha Allah." Yabon yaro babu wannan yana tayar wa wasu iyaye hankali saboda tsoron baki, kuma ba ki rasa komai ba in kin faɗa. In an yi musu haihuwa ki je barka, in rasuwa ce ki je gaisuwa. Mintin nan goma da kika yi a tabarmar gidansu zai yi miki aiki ranar da maganar ta yi nauyi.

Kira: yaushe, ina, ta wace hanya

Kada ki aiki yaro da "ka ce wa mamanka ina nemanta." Ya san abin da ke nan, zai yini cikin fargaba ko ya ƙi faɗa. Kada ki sa maganar a zauren WhatsApp na iyayen aji, ko da ba ki kama suna ba, zango ƙarami ne, kafin magariba an san ɗan waye. Hoton yaro yana kuka ko hoton ciwo kuwa kada ya fita daga wayarki zuwa kowane zaure.

Ki kira ta, ko ki tura saƙon murya, don ba kowace uwa ke karanta rubutu ba, kuma ba za ta gaya miki ba. Abin da nake cewa bai wuce haka ba: "Salamu alaikum Hajiya, malamar su ƙaramin ce. Lafiya lau, ba abin tashin hankali ba ne. Akwai abin da nake so ki taimaka min da shawara a kansa, ke kika fi ni saninsa. Yaushe kike da sarari kamar minti 15?"

Ki bar ta ta zaɓi lokaci. Mai sayar da koko da ƙosai safiyarta ba ta taɓuwa. Mai wake da shinkafa sai ta sauke ta sayar, wajen azahar. Mai tebur a Kejetia ko Asafo in ta rufe ta zo, cinikin rana ne ta bari, ga kuɗin trotro, wato motar haya. Uban da ke aiki a Suame Magazine, unguwar kanikawa, ya fi samuwa bayan sallar Juma'a ko ranar Lahadi. Wurin zama kuma ya kasance inda babu kunne na uku, ke da ita a kujeru iri ɗaya, ba ke a bayan tebur ita a tsaye kamar mai laifi ba. Yaron ya tafi wasa. In Hausarki ba ta nuna ba, ki nemi babbar malama ta yi tafinta. Kada ki sa yayan yaron, kada ki sa maƙwabciya.

Zaman kansa

Ki yi gaisuwa cikakkiya: gida, maigida, kasuwa, jikin tsohuwa. Wanda ya yanke gaisuwa ya faɗa magana, ya riga ya nuna faɗa ya zo yi. Daga nan ki faɗi abu ɗaya na gaskiya da kike so game da yaron. Na gaskiya na ce, don uwa tana gane yabon share fage.

Sai ki faɗi abin da idonki ya gani, ki bar sa suna. Kalmomin da na hana bakina su ne ɓarawo, mugu, daƙiƙi, mara tarbiyya, mai taurin kai. "Mara tarbiyya" ma iyayen kika zaga kai tsaye. Ki kwatanta waɗannan biyu:

"Mma, ɗanki ya cika mugunta, kullum sai ya daki 'ya'yan mutane."

"Mma, a makon nan sau 3 na ga ya kai hannu, kuma duka ukun wajen ƙarfe 11 ne, kafin a ci abinci. Da ya ci sai ya koma wasansa lafiya. Abin ya tsaya min a rai. A gida yaya kike ganinsa?"

Ta farko hukunci ce, abin da ya rage wa uwar shi ne ta musa ko ta je ta zartar. Ta biyu ta bar mata wurin shiga. Magana ɗaya za ki kawo, ko da littafinki na da biyar. Ki zaɓi wadda ta fi cutar da shi ko da sauran yara.

Bayan tambayar ki yi shiru. Nan ne malamai muke faɗuwa, mun saba da cika aji da murya. Ki bar ta ta yi ajiyar zuciya, ta gyara mayafi, ta fara. Ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya tsamar da shi yana bakinta. In ta tsaya, ki taimaka da ƙananan tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, cikin hira:

Ƙarfe nawa yake barci? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a cikin awa 24, har da na rana. A ɗaki ɗaya da talabijin ke kunne har sha ɗaya na dare, ga tashin asuba, lissafin ba ya cika. A watan azumi abin ya fi haka, gida duka a farke lokacin sahur. Me yake ci kafin ya fito? Waya fa? Hukumar dai ta ce kada kallon allo ya wuce awa 1 a rana ga 'yan shekara 2 zuwa 4, kuma yaro yakan kwaikwayi dambe da harbin da ya gani. An yi masa ƙane kwanan nan? An yi tafiya, ko ƙaura, ko rasuwa? In ta taɓo rikicin aure, ki saurara, kada ki tona, kada ki ba da fatawa.

Maganar duka

Kusan kowane zama yakan iso nan. Uba zai ce, "Malama, ki zane shi, na ba ki nama, ki bar min ƙashi." Kaka za ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ki yi musu lacca, kada ki nuna kin fi su wayewa, su ma haka aka rene su, mu ma haka. Amma kada ki yi shiru, don shirunki izini ne.

Abin da ya shafi makaranta ki faɗe shi kai tsaye: hukumar ilimi ta ƙasa, GES, ta hana dukan ɗalibai a 2017, a 2019 kuma ta ba malamai tsarin horo ba da bulala ba. Saboda haka ko an ba ki izini ba za ki yi ba. Dokar Yara ta 1998 ma ta ce horo ba ya halatta in ƙuruciyar yaro ta hana shi gane dalilin horon. Ɗan shekara 4 da aka daka da dare kan abin da ya yi da hantsi, ina zai haɗa biyun? Abin da zai koya shi ne malama ce ke jawo masa duka, gobe ya ɓoye mata komai.

Ga kaka, nakan karɓi karin maganarta in mayar mata: "Gaskiya ne Hajiya, tanƙwarawa ake yi. Amma ɗanyen icce in aka matsa da ƙarfi karyewa yake." Takan yi dariya. Ga wanda addini ya fi shiga ransa, nakan tuna masa Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 yana yaro, bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Sallah ma, da girmanta, sai a shekara 7 aka ce a fara umartar yaro da ita. To ina ga ɗan KG da ya zubar da ruwa?

Sannan ki roƙa a fili, kafin a tashi: "Alhaji, alfarma ɗaya nake nema. Maganar nan kada ta zama duka in an koma gida. Mun riga mun gama da ita a makaranta. In aka dake shi, gobe ba zai yarda da ni ba, aikin da muke so mu yi ya lalace." Mafi yawa sukan ba da alkawari, kuma alkawarin da babba ya yi da bakinsa yana jin nauyin karya shi.

Ku tsayar da abu ɗaya

Hana duka babu madadi, barin iyaye ne hannu rabbana. Ku yarda kan abu ɗaya da za ki yi a aji, ɗaya da za su yi a gida, masu sauƙi, marasa cin kuɗi. Ga mai kai hannu kafin abinci: a gida a tabbatar ya sha koko kafin ya fito, a aji ki sa shi gaban layi ya riƙe miki sabulu. Ga mai cizo: ke da uwar ku riƙa faɗin kalma iri ɗaya, "ba a cizo, cizo da zafi, ka ce ba ni," ku janye shi gefe ya huce kusa da babba. Ga mai kukan rabuwa: uwar ta daina sulalewa a ɓoye, ta yi masa sallama gajeriya, ta ce "zan dawo bayan azahar," kuma ta dawo. Ki tambaye ta ko abin zai yiwu a gidansu. In ta ce "to" a sanyaye, bai yiwu ba ke nan, ku sake wani.

In zaman ya yi zafi

Wata za ta ce a gida ba ya haka. Kada ki ƙaryata ta, sau da yawa gaskiya ne, gida babu yara 40 masu rububin abin wasa ɗaya. Ki ce ta zo wata safiya ta leƙa ta taga, gani ya kori ji. Wata za ta ɗaga murya ta ce kin tsani ɗanta. Ki sassauta taki muryar, ki bar ta ta gama, in abin ya ƙi ki ce a ɗaga zaman zuwa gobe tare da shugabar makaranta.

Uwar wanda aka ciza kuma dole ta ji daga bakinki a ranar, kafin ta gani wajen wanka. Ki faɗi abin da ya faru, abin da kika yi wa ciwon, da matakin da kika ɗauka. Za ta tambayi ɗan waye. Kada ki faɗa. Ɗanta zai iya gaya mata, wannan daban, amma in daga bakinki ya fito, kin haɗa gida biyu faɗa a famfon unguwa.

Abin da ya wuce malama

In yaro ya kai shekara 3 ba ya haɗa kalmomi a kowane harshe, ko ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, ko ya daina abin da ya riga ya iya, ko kullum a gajiye yake idonsa fari, ko yakan ƙame ya zuba ido na ɗan lokaci bai san inda yake ba, wannan na asibiti ne. Ciwon kunne, ƙarancin jini, tsutsar ciki da sikila duk suna iya fitowa da kamar rashin ji ko lalaci. Ke ba likita ba ce, kada ki kama sunan wata cuta. Ki ce, "Ina so a duba kunnensa da jininsa don hankalinmu ya kwanta." Su fara da wajen awon yara ko asibitin da ke kusa, kamar na Manhyia, su tafi da katin inshorar lafiya da littafin awonsa. In da buƙata, daga can za a tura su babban asibitin Komfo Anokye. In sun ce iska ce, za a kai shi wajen malam, ba na jayayya. Nakan ce a yi addu'a, a kuma je asibiti a makon nan, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Akwai kuma inda duk matakan nan ba sa aiki. In kin ga ƙuna, ko shatin duka mai tsanani da ke maimaituwa, ko yaro ya faɗi wani abu game da taɓa masa al'aura, kada ki kira gida tukuna, mai yin abin yana iya kasancewa a gidan. Ki rubuta abin da kika gani da kalmomin yaron yadda ya faɗe su, kada ki yi ta tone shi da tambaya, ki sanar da shugabar makaranta a ranar. Dokar Yara ta wajabta wa duk mai labarin cin zarafin yaro ya kai wa Sashen Jin Daɗin Jama'a, akwai kuma ofishin DOVVSU na 'yan sanda, mai kula da cin zarafi a cikin gida. Za a zo miki da "a rufa asiri, a gyara a gida." Na san nauyin wannan a zango, inda kowa ɗan uwan kowa ne, amma ba hurumin sulhu ba ne.

Bayan zama

Ki rubuta ranar zaman da abin da kuka tsayar, ki ajiye littafin inda ba a buɗewa. Abin da uwa ta gaya miki na cikin gidanta kada ya zama hirar ɗakin malamai. Cikin kwana 3 ki nemi ci gaba ko ƙanƙani ne ki tura mata saƙon murya: "Mma, yau an ture shi a layi, bai rama ba, ya zo ya gaya min. Tubarkalla." Bayan mako 2 ku sake magana, ko ta waya ce. In babu canji, ki koma littafinki ki duba lokutan da kyau kafin ki sake kiran kowa, wataƙila tun farko ba a gano bakin zaren ba. In kuma yaron zai wuce zuwa aji ɗaya na firamare, ki gaya wa sabuwar malamarsa dabarar da ta yi aiki, kamar sa shi gaban layi da ba shi abin riƙewa, ki bar tarihin cizon a littafinki.